Tiyatar Hawan Jinin Ido: Ire-irenta da Yadda Ake Zaɓar Wadda ta Dace

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 64, yana fama da hawan jinin ido. Idonsa na hagu ya riga ya tafi. Na daman kuma yana ɗiga masa magani kala uku, amma matsinsa ya ƙi sauka ƙasa da 26. Likita ya ce lokaci ya yi da za a yi masa aiki. Muna jin tsoro, don mun sha jin labarin wanda aka yi wa aikin ido ya ƙarasa makancewa. Na kuma karanta cewa akwai sababbin hanyoyi na leza da wasu ƙananan na'urori masu sauƙin haɗari. Don Allah likita, waɗanne irin tiyata ake yi, kuma wacce ta fi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ɗan'uwa. Tsoron da kuke ji ba laifi ba ne, amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninka shi ne ido ɗaya ya rage, ga magani uku, ga matsi na 26. Irin wannan idon ba ya jira. Hukuncin ƙarshe na likitan da ya duba shi ne, sai dai abin da ya faɗa muku shi ne abin da mafi yawanmu za mu faɗa.

A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba, wanda wani sashe da ke bayan baƙin ido yake samarwa dare da rana. Ruwan yana ratsowa ta ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido zuwa gaba, ya ciyar da sassan da jini ba ya kaiwa, sannan ya fice ta wata 'yar matata da ke zagaye a lungun da baƙin ido ya haɗu da koniya, wato tantanin nan garai-garai kamar gilashi da ke can gaban ido. Daga matatar sai ya faɗa wata siririyar magudana da ke bayanta, wadda ake kira magudanar Schlemm, daga nan ya shige jijiyoyin jini. Kamar famfo ne da aka bari a buɗe a kan baho: muddin ƙofar fitar ruwa tana ja, lafiya lau, ranar da ta fara toshewa kuwa sai ruwa ya taru. Ido a rufe yake ruf, babu inda ruwan zai malala, shi ya sa matsi ke hawa. A yawancin masu lafiya yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin matsi na mmHg. Idan ya daɗe a sama, zaruruwan jijiyar gani, waɗanda suka haura miliyan ɗaya a kowane ido, sai su riƙa mutuwa a hankali, gani yana ƙanƙancewa daga gefe zuwa tsakiya. Zaren da ya mutu ba ya dawowa.

Duk wata tiyatar wannan ciwo, tsohuwa ko sabuwa, ɗayan abu uku take yi: ko ta buɗe matatar da ke nan tun asali, ko ta yi wa ruwan wata sabuwar hanya, ko ta rage yawan ruwan da ido ke samarwa. Babu wadda take gyara jijiyar. Ina so ku riƙe wannan da kyau a gida, domin daga nan yawancin ɓacin rai yake farowa. Wanda aka cire wa yanar ido yakan wayi gari ya ga duniya tar, sai dangi su ɗauka kowane aikin ido haka yake. Aikin hawan jinin ido ba ya ƙara gani, tsare abin da ya rage yake yi. Hasali ma a makonnin farko Baba zai riƙa gani dishi-dishi fiye da yanzu. Labaran waɗanda suka makance bayan aiki kuwa, in ka bi diddigi, galibinsu mutane ne da suka yi ta ɗage aikin shekara da shekaru har ganin ya koma ɗan ƙyalli, aka yi shi a ƙurarren lokaci, ciwon ya ƙarasa abin da ya faro, laifin ya hau kan wuƙar likita. Ban ce aikin ba shi da haɗari ba. Yana da shi, zan kuma zo kansa. Amma haɗarin barin ido ɗaya tilo a kan 26 ya fi shi nesa ba kusa ba.

Kafin likita ya zaɓi irin tiyatar, tambayar da yake yi wa kansa ita ce: zuwa nawa nake son matsin nan ya sauka? Wani bincike da aka yi a Suwidin, wanda sakamakonsa ya fito a farkon shekarun 2000, ya nuna cewa duk saukar maki 1 tana rage haɗarin ci gaban ciwon da kusan kashi 10 cikin 100. Wani kuma a Amurka mai suna AGIS, kan masu ciwon da ya yi nisa, ya nuna a shekarar 2000 cewa idanun da matsinsu bai taɓa kai 18 ba a duk zuwa asibiti, waɗanda matsakaicin awonsu ya tsaya wajen 12, kusan ba su ƙara rasa gani ba tsawon shekaru. To, mai ciwon da bai yi nisa ba 16 ko 17 na iya wadatar da shi. Mai irin halin Baba kuwa 12 ko ƙasa da haka muke nema. Wannan lambar ce take zaɓar tiyata, ba sabuntar na'ura ba.

Lezar da ka karanta labarinta gaskiya ce, kuma ina cikin masu ganin ya kamata a riƙa amfani da ita fiye da yadda ake yi. Ana kiranta SLT. A zaune ake yin ta a ɗakin duba marasa lafiya, cikin 'yan mintoci, ba yanka ba ɗinki. Ana haska matatar da hasken leza mara ƙarfi, sai ƙwayoyin wurin su farfaɗo su ƙara tace ruwa. Binciken LiGHT na Birtaniya, wanda ya ƙunshi mutum 718 kuma ya fito a 2019, ya nuna cewa kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka fara da lezar ba su buƙaci maganin ɗigawa ba har shekara 3. A Moshi ta Tanzaniya ma an kwatanta ta da maganin ɗigawa na timolol, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna nasara a kashi 61 cikin 100 na idanun da aka yi wa leza bayan shekara guda, na maganin kuwa kashi 31. Sai dai a lura, idan ta yi aiki takan rage matsi ne da kamar kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ƙarfinta yana raguwa da shekaru, kuma ba ta cika yin tasiri sosai a idon da ya riga ya sha magani uku ba. Ko da ta sauke na Baba daga 26 zuwa 20, ka ga da sauran tafiya. Da a farkon ciwon Baba ya zo, da ita zan fara ba shi shawara.

Akwai wani nau'in ciwon da matsalarsa ba matatar ba ce, baƙin idon ne ke turowa gaba ya rufe lungun gaba ɗaya. Tun a shekarun 1850 Albrecht von Graefe ya gano a Balin cewa yanke ɗan yanki daga baƙin ido yana warware wannan, yau kuma da leza ake huda 'yar ƙofar. Binciken EAGLE na 2016 ya ƙara nuna cewa ga 'yan shekara 50 zuwa sama masu wannan nau'in, cire madubin cikin ido a sa na roba, kamar yadda ake yi a aikin yana, ya fi hudawar lezar amfani. Saboda haka ku tambayi likita ko lungun idon Baba a buɗe yake ko a rufe, don amsar tana sauya komai.

Yanzu ga aikin da nake kyautata zaton shi likitanku yake nufi, wato tirabekulektomi. John Cairns ne ya bayyana shi a Kambirij ta Ingila a 1968, kuma har yau da shi ake auna kowace sabuwar hanya. Yawanci allurar kashe zafi ake yi a gefen ido, mutum na farke, aikin bai cika wuce awa guda ba. A ƙarƙashin fatar ido ta sama ake yin sa. Likita zai ɗaga siririn tantanin da ya lulluɓe farin ido, ya yanka ɗan murfi a jikin farin idon ba tare da ya ratsa kaurinsa duka ba, ya huda 'yar ƙofa a ƙarƙashin murfin zuwa cikin ido, ya cire ɗan guntun baƙin ido don kada ya toshe ƙofar, sannan ya mayar da murfin ya ɗinke shi da zaren da ya fi gashi siranta. Ruwa sai ya riƙa tsattsafowa ta gefen murfin, ya taru a ƙarƙashin tantanin ya yi ɗan bororo, jiki ya tsotse shi. Ba waje yake zuba ba, kuma fatar ido tana rufe bororon, ba mai ganinsa.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne warkewa. Jiki bai san da gangan aka yi ƙofar ba, rauni yake ɗaukarta, sai ya dage sai ya rufe ta da tabo. Shi ya sa ake sa maganin mitomaisin C a wurin na 'yan mintoci lokacin aikin, maganin da asalinsa na sankara ne, don ya dakushe ƙwayoyin da ke gina tabo. A farkon shekarun 1980 aka fara amfani da shi haka a Taiwan. Wasu idanun sun fi saurin yin tabo: na matasa, na baƙar fata, idon da aka taɓa yi wa aiki, wanda ya yi fama da kumburin ciki, da wanda ya shekara da shekaru yana shan maganin ɗigawa har tantaninsa ya yi ja ya yi kauri. Wannan na ƙarshen wani dalili ne da ya sa jinkiri ke cutarwa ta fuska biyu, jijiya na mutuwa, wurin da za a yi aikin kuma yana lalacewa.

A nan nake so ka fi sa kunne, domin rabin aikin ne kawai ake yi a ɗakin tiyata. Sauran rabin a makonni shida zuwa takwas na farko ake yin sa, a kan kujerar duba ido. Da gangan muke ɗaure murfin da ɗan ƙarfi a ranar aiki, don kada matsi ya faɗi warwas. Bayan haka sai a riƙa duba idon kowane mako, wani lokaci fiye da haka. Idan matsi ya fara hawa, a zare zare ɗaya ko a tsinka shi da leza. Idan jijiyoyin jini sun fara mamaye bororon, a yi allurar wani maganin hana tabo a gefensa. Idan ya fara kullewa, a sa siririyar allura a fasa tabon. Ga kuma maganin ɗigawa na sitiroyid da za a yi ta sawa sau da yawa a rana har wata biyu ko uku. Babu abin da ke ɓata mini rai a wannan sana'a kamar in ga aiki mai kyau ya mutu don mara lafiya ya ji sauƙi ya daina zuwa, ya dawo bayan wata huɗu bororon ya shafe, matsi ya koma gidan jiya. A mako na uku zare ɗaya ya isa ya ceci idon. A wata na huɗu sai dai a sake wani aikin, a kan tantanin da ya riga ya yi tabo. Don haka kafin ku sa rana, ku zauna a matsayinku na 'ya'ya ku tsara wanda zai riƙa kai Baba, da wanda zai riƙa ɗiga masa magani, tunda da ido ɗaya mai dishi-dishi ba zai iya da kansa ba.

Haɗarinsa kuwa ga shi ba ɓoye-ɓoye. Matsi na iya sauka fiye da kima gani ya dushe, galibi ya gyaru da kansa, wani lokaci sai an koma an ƙara ɗinki. Bororon na iya yoyo. Yanar ido takan yi saurin nuna bayan aikin, wannan kuwa ana cire ta. Zubar jini a bayan ido da ɗaukewar ragowar gani farat ɗaya suna faruwa, amma ba kasafai ba. Wanda ba ya ƙarewa shi ne yiwuwar ƙwayoyin cuta su shiga ta bororon, ko da bayan shekara goma ne. Duk ranar da idon ya yi ja, yana ciwo, yana kwantsa, ko haske na damunsa, ko gani ya ragu, a ranar za a je asibiti, ba washegari ba. A ɗaya gefen kuma, binciken TAGS na Birtaniya ya ɗauki mutum 453 da suka zo da ciwon ya riga ya yi nisa, aka fara wa rabi da wannan aiki, rabi da magani. Bayan shekara 2 matsakaicin matsin waɗanda aka yi wa aiki 12.4 ne, na masu magani 15.1, kuma bayan shekara 5 waɗanda aka yi wa aikin sun fi riƙe faɗin ganinsu.

Idan tirabekulektomi ta gaza, ko an san tun farko za ta gaza, sai a koma ga bututu. Anthony Molteno ne ya faro shi a Afirka ta Kudu a 1969. Ɗan siririn bututun silikon ne ake zurawa cikin ido, ɗaya bakin kuma yana haɗe da wani faffaɗan faranti da ake ɗinkewa a jikin farin ido can baya, inda tabo bai cika tsanani ba. Nau'in bututun da ake kira Ahmed yana da bawul da ke hana matsi faɗuwa da yawa, shi ya sa yake fara aiki nan take. Wanda ake kira Baerveldt ba shi da bawul, sai a ɗaure shi da zaren da ke narkewa bayan kamar mako shida, amma a ƙarshe yakan fi sauke matsi. Kamfanin Aurolab na Madurai a Indiya yana ƙera irinsa mai rahusa, wanda ya sa ƙasashe da dama suka samu damar yin wannan aiki. Binciken TVT, kan mutum 212 da aka taɓa yi wa aikin ido, ya nuna cewa bayan shekara 5 bututu ya gaza a kusan kashi 30 cikin 100, tirabekulektomi kuwa a kusan kashi 47. Amma da aka sake gwajin a idanun da wuƙa ba ta taɓa ba, tirabekulektomi ce ta fi sauke matsi da ƙarancin magani. Bututu ya fi dacewa da idon da ciwon suga ya sa sababbin jijiyoyi suka toshe lungunsa, da mai kumburin ciki, da wanda aikin farko ya mutu. Nasa matsalolin su ne yana iya gogar koniya ta ciki, yana iya ɓullowa ta tantanin da ya rufe shi, wani lokaci kuma ya sa mutum ganin abu bibbiyu.

Sai ƙananan na'urorin da ka ambata, waɗanda ake tarawa a ƙarƙashin sunan MIGS. Ta cikin ido ake yin su, ta 'yar ƙofa irin ta aikin yana, shi ya sa ake yawan haɗa su da shi a zama ɗaya. iStent, ɗan ƙarfen da bai wuce milimita 1 ba da ake sawa a matatar don ruwa ya bi ta cikinsa, ya samu izini a Amurka a 2012, wata na'urar mai suna Hydrus kuma a 2018. Akwai wuƙar Kahook da ke ɓare matatar, akwai kuma GATT da aka bayyana a 2014, inda ake zura zare ya zagaye magudanar Schlemm sannan a ja shi ya tsaga matatar gaba ɗaya. Ina son GATT, musamman ga matasa, don da zaren ɗinki na yau da kullum ma ana yin ta, sai dai tana sa jini ya taru a gaban ido na 'yan kwanaki, abin da ke buƙatar taka-tsantsan ga masu sikila da masu shan maganin tsinka jini. Gaskiya ne waɗannan hanyoyi sun fi sauƙin haɗari kuma an fi saurin warkewa. Amma dukkansu cikin jijiyoyin jini suke tura ruwan, su kuma jijiyoyin suna da nasu matsin na kamar 8 zuwa 10, wanda ba a iya sauka ƙasa da shi. A aikace yawanci wajen 14 zuwa 17 suke tsayawa, sau da yawa ma da taimakon magani. Ga mai ciwon da bai yi nisa ba da za a cire wa yana, alheri ne. Ga Baba, ina tsoron a ɓata watanni a kansu. Sabon abu kuma sai ya daɗe ake sanin halinsa: a 2018 aka janye wata 'yar na'ura mai suna CyPass daga kasuwa, bayan bibiyar shekara 5 ta nuna tana rage ƙwayoyin da ke bayan koniya. Wasu ƙananan bututu, Xen da PreserFlo, suna tsaka-tsaki tsakanin waɗannan da tirabekulektomi, su ma bororo suke yi kuma suna buƙatar mitomaisin. Da aka gwada PreserFlo da tirabekulektomi, bayan shekara guda matsakaicin matsi ya tsaya 14.3 a na farko, 11.1 a na biyu.

Hanya ta uku, ta rage samar da ruwa, da wata lezar dabam ake yin ta, ana ɗora bakinta a kan farin ido a ƙona wani ɓangare na sashen da ke samar da ruwan. An fi saninta a idon da ya riga ya makance yana ciwo, don haka idan idon hagun Baba ya taɓa damunsa da zafi, akwai mafita ba sai an cire shi ba. Sabon salonta mai aika haske a gutsuttsure ya fi sauƙi, ana yin sa har a ido mai gani, amma da wuya a iya hasashen inda matsin zai tsaya.

Idan lungun idon Baba a buɗe yake, ba a taɓa yi masa aiki ba, kuma za ku iya bibiyar makonnin nan, ra'ayina shi ne tirabekulektomi da mitomaisin, a hannun likitan da ya saba yin ta kuma shi da kansa zai riƙa duba shi bayan aikin. Ku tambaye shi lambar da yake nema, ko akwai yana da za a cire, sau nawa za ku dawo, da wanda za ku kira idan idon ya yi ja cikin dare. Ku faɗa masa duk magungunan da Baba ke sha. Kada ya daina ɗiga magungunansa kafin ranar aiki sai likita ya ce. Bayan aikin zai guji ɗaukar kaya mai nauyi, da yawan sunkuyawa, da murza idon na wasu makonni, kuma awon matsi da gwajin faɗin gani za su ci gaba har ƙarshen rayuwa.

Kai ma, ɗan'uwa, da duk waɗanda kuke uba ɗaya da kuma 'yan'uwan Baba na jini, ku je a auna muku matsin ido a duba jijiyar. Ciwon yana bin dangi, haɗarinsa ga ɗa ko ɗan'uwan mai shi ya ninka na sauran mutane sau da dama, kuma ba ya ciwo a farkonsa. Wanda ya kai shekara 40 a cikinku kada ya bari wannan shekarar ta wuce bai je ba.